Abin Da Jiki Yake Gaya Mana

Hausawa sun ce jiki magayi, sun kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu da muka yi shekara biyu muna taimakon Mama nas a ɗakin shan magani, muna rubuta sunaye, muna ɗora 'yan'uwanmu a kan ma'auni, muna kai wa marasa lafiya abinci, mun ga gaskiyar waɗannan maganganu fiye da yadda muka same su a darasin Hausa. Da aka ba mu fili a littafin shekara na bana, sai muka ga ya kamata kafin mu fita mu rubuta abin da muka koya, domin ƙannenmu da za su gaje mu, da malamanmu, da iyayenmu na ikilisiya waɗanda littafin nan zai shiga hannunsu.

A makarantar kwana babu wanda ya san jikin ɗalibi kamar abokan kwanansa. A cikin wata goma sha biyu na shekara, kusan tara muna tare. Uwa sai hutu take ganin ɗanta, likita kuwa sai ciwo ya kwantar da shi. Amma wanda gadonsa yake kusa da naka ya san sau nawa ka tashi fitsari da dare, ya san ko kana haki in an hau tudu da bokitin ruwa, ya ga bayan wuyanka wanda kai kanka ba ka taɓa gani ba. Ido dai yana gani. Sai dai abin da ido ya gani, a ɗakin kwana sunan tsokana yake zama. A kira wannan Gwame, a kira wancan Amalala, waccan Sarauniyar Barci, wani kuma Idon Mage. Suna ya bi mutum shekara shida har ya shiga littafin shekara, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Mu mun lura da yawa daga cikin sunayen nan bayanin ciwo ne da aka faɗa daidai, amma ba a kai shi kunnen da ya kamata ba.

Mu fara da barci, tun da shi ya fi jawo horo. Akwai mai barci a aji don ta raba dare tana hira, wannan kam tsakaninta da malami. Akwai kuma wadda ta kwanta da wuri, ta tashi a gajiye, in ta miƙe tsaye jiri ya kwashe ta, in ta yi 'yar tafiya zuciya ta dinga bugawa. Irin wannan in ta zo, Mama nas ba ta fara da tambaya. Takan ce, "Zo nan 'yata, dubi sama," ta sa yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa. A wurin mai lafiya cikin fatar nan jajir yake. A wurin mai ƙarancin jini kuwa ya koɗe, kamar tsohon zane da ya sha wanki. Daga nan ta buɗe tafin hannun yarinyar ta ajiye kusa da nata, ta duba harshe, ta duba farce. In abin ya daɗe, farce yakan yi laushi ya lotsa a tsakiya kamar cokali, har a ɗiga masa ruwa ya zauna.

Dalilin gajiyar ba wuya gare shi ba. A cikin jini akwai wani sinadari, hemogulobin, wanda yake ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai wa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi, kuma jiki ba ya iya haɗa shi sai da sinadarin ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki, in nata ya kasa giram 12 a kowace desilita ta jini, tana da ƙarancin jini. Namiji kuwa giram 13. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya samu haka a jikin mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49, da yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar. Wato fiye da rabi. In haka ƙasa take, ba dalili ɗakin kwanan 'yan mata ya zama dabam. Budurwa tana girma, jikinta yana neman ƙarin jini, ga al'ada tana ɗibar nata kowane wata. A haɗa da zazzaɓin cizon sauro mai fasa ƙwayoyin jini, da tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, da tsargiya wadda samari suke kwasowa wajen wanka a rafi, har wasu su ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce. Ba alamar balaga ba ce, tsutsa ce a mafitsara, kuma maganinta 'yan ƙwayoyi ne.

Akwai wata alama da ta fi ba mu mamaki. Wata ƙanwarmu ta ajin ƙasa an kawo ƙararta wai tana kwashe allin aji. Da aka bi sawu, ashe ci take yi. Da Mama nas ta ji, ba ta yi dariya ba, sai ta aika da ita gwajin jini, ya kuwa fito ƙasa ƙwarai. Kwaɗayin alli, ko farar ƙasa, ko ƙanƙara, ko ƙasar bango, sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma sau da yawa yakan tafi da kansa in an yi magani. Iyayenmu mata masu ciki da suke sayen farar ƙasa a kasuwa, da ma za su faɗa wa ma'aikatan awon ciki.

A nan za mu ɗan taɓa wata al'ada da ta zama ruwan dare. Da an ce wa ɗalibi jininsa ya yi ƙasa, sai iyaye su zo ranar ziyara da kwalaben lemon malt da gwangwanin madara, a haɗa a sha, wai ƙarin jini. Daɗi kam akwai. Amma madara ba ta da sinadarin ƙarfen kirki, malt kuwa yawancinsa sukari ne. Kuɗin kwalba uku da an sayi hanta ko kifi da su, da sun fi amfani. Wake, da ganye irin su alayyaho da zogale da kuka, su ma suna da nasu, ko da yake jiki ba ya tsotsar na tsiro da sauƙi kamar na nama. Abin da yake taimakonsa shi ne a haɗa da lemo, ko gwaiba, ko ɗanyen tumatir. Abin da yake hana shi kuwa shayi ne, in an sha shi tare da abinci. Saboda haka ranar wake a ɗakin cin abinci, wadda wasu suke gudu su koma kan garin kwaki da sukari, ita ce ranar da bai kamata a gudu ba.

Amma kada wani ya ja fatar idon abokinsa ya ga fari, ya ruga kantin magani. Ido mai koɗewa ɗaya ne, dalilansa da yawa. Wanda ake kira Idon Mage, wanda farin idonsa ya yi rawaya, yana iya zama mai sikila ne, wato amosanin jini. Shi ba ƙarfe ya rasa ba, ƙwayoyin jininsa ne suke saurin mutuwa, kuma abin da suka bari shi yake rina ido. In an sha yi masa ƙarin jini a asibiti, ƙarfe ma yawa yake yi masa, ƙwayar ƙarin jini sai ta cuce shi. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo; ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS bai sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Tun suna jarirai alamar farko takan zama kumburin bayan hannu da na ƙafa, da kuka marar dalili. In sun girma sukan fi sa'o'insu ƙanƙanta, balaga ta yi musu jinkiri, wasu gyambo ya kama su a idon sawu ya ƙi warkewa.

Waɗannan 'yan'uwa namu su ne aka fi yi wa kallon ragwaye. Sanyi, da ƙishirwa, da aiki mai tsanani, da zazzaɓi, su suke tayar musu da ciwo. To, wankan ruwan sanyi da asuba cikin hunturu, da yankan ciyawa cikin rana tsaka, duk suna cikin tsarin makarantar kwana. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin shan magani kusa da mai sikila ranar da ciwonsa ya tashi, ya ji yadda yaro yake kiran uwarsa don zafin ƙashi, ba zai ƙara cewa ragwanci ba ne. Muna roƙon shugabannin ɗalibai na baɗi su nemi sani a wurin Mama nas kafin su raba aiki ko horo. Har wa yau, rawayar ido, wadda muke kira shawara, ba sikila kaɗai take nunawa ba. Ciwon hanta ma haka yake zuwa, da fitsari mai duhu kamar shayi. Allurar rigakafin nau'insa na B ta shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya a 2004, saboda haka yawancin malamanmu da iyayenmu ba su same ta suna yara ba. Shawara ba ta jiƙo ba ce kafin a yi gwaji.

Sai Amalala. Ba sunan da ya fi wannan ciwo a ɗakin kwanan maza, ga shanya katifa a gaban jama'a. Mai fitsarin kwance tun yana ƙarami, wanda bai taɓa dainawa ba, yawanci ba wani mugun ciwo gare shi ba, lokaci ne bai yi ba, kuma tsokana ba ta taɓa busar da katifar kowa ba. Masu sikila ma suna fama da shi, don ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa sosai. Wanda ya kamata a tashi tsaye a kansa shi ne wanda da ba ya yi, rana ɗaya ya fara. Mun ga irinsa a wani yaro ɗan aji biyu. Ya yi shekara guda lafiya lau, sai a zango na biyu abin ya soma. Abokan kwanansa sun san komai: sun san yana shanye ruwan bokitinsa ya roƙi na wasu, sun san yana cin nasa tuwo ya nemi ƙari amma wando yana zame masa, har sun ga tururuwa tana taruwa inda ya yi fitsari a bayan ɗaki. Mako uku suna da labarin nan a hannu. Shugaban ɗakinsu ne ya zo ya faɗa, ba don ciwo ba, don ƙorafin wari. Mama nas ta tsaga yatsan yaron ta ɗiga jini a 'yar na'ura, ta dubi lamba, ta ce mana, "'Ya'yana, ku kira mini direba yanzu." Ciwon sukari ne, irin wanda yake kama yara, wanda jiki yake daina yin insulin gaba ɗaya.

Yadda abin yake, in sukari ya yi yawa a jini sai ƙoda ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Ga yawan fitsari, ga ƙishirwa. Abinci yana shiga amma ba ya isa inda ake bukatarsa, sai jiki ya koma cin kansa. Ga yunwa, ga rama. In aka bar shi, sai amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi, da magagi, daga nan sai suma, kuma kwanaki kaɗan ne tsakani. Kafin likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada su fitar da insulin a 1921, su fara yi wa mutum allurarsa a 1922, yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa. Namu ya dawo bayan mako biyu da allurarsa, yana nan yana buga ƙwallo.

Nau'i na biyu na ciwon sukari, na manya da masu jiki, a hankali yake zuwa, kuma yakan aiko da manzo tun da wuri. Bayan wuya da hammata su yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi kamar karan-miski. Ana cewa dauɗa ce, a sa soso har da dutsen goge kaushi, ba ta fita, domin ba daga waje take ba. Alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin. Haka nan ƙaramin rauni a ƙafa da ya ƙi warkewa, ko tafin ƙafa ya dinga zafi ko ya mutu da dare. In an auna jini da safe kafin a ci komai aka samu 126 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, ciwon ya tabbata.

Labarin gwame shi ya fi ba mu sha'awa, domin a ƙasarmu aka warware wani ɓangare nasa. Tukuna dai, ba kowace lanƙwasar ƙafa ce ciwo ba. Yaro mai koyon tafiya ƙafarsa takan ɗan buɗe kamar baka har wajen shekara biyu, wajen shekara uku zuwa huɗu gwiwoyi su ɗan haɗu, kafin shekara bakwai su miƙe da kansu. Ciwon laushin ƙashi dabam ne: lanƙwasar ƙaruwa take yi, wuyan hannu ya kumbura, ƙulle-ƙulle su fito a jere a kan haƙarƙari kamar tsakiya, yaro ya ƙi tafiya don zafi. Littattafan kimiyya sun koya mana cewa rashin bitamin D ke kawo shi, shi kuwa bitamin D fata ce take yin sa in rana ta taɓa ta. A biranen Ingila masu hayaƙi da duhu haka ne, shi ya sa suka dinga ɗura wa yaransu man hantar kifi. To, mu da rana take dafa mu, me ya kawo mana shi?

Wannan tambaya wasu likitoci suka bi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, cikinsu har da Dokta Tom Thacher. Suka ɗauki yara 123 masu wannan ciwo suka kasa su uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyu, har mako 24. Da aka buga sakamakon a 1999, sai ga shi waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Ashe yaran ba rana suka rasa ba. Kalsiyam ɗin da suke samu a abinci bai wuce wajen miligiram 200 a rana ba, ƙasa da rabin abin da ƙashi mai girma yake bukata. Yaro an yaye shi, daga kunu sai tuwon masara, babu nono babu madara, ga shi hatsi yana da wani sinadari da yake riƙe ɗan kalsiyam ɗin da ke ciki ya hana jiki tsotsa. Daga baya ma an gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa, ya yi aiki. Abin da ake nema yana kasuwar ƙauye: ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da nonon da Fulani suke kawowa. In an kama ciwon yaro yana ƙarami, ƙafa takan miƙe. Wanda ya kai sakandare ƙashinsa ya riga ya ƙosa, sai dai aikin likitan ƙashi in abin ya yi tsanani. Saboda haka wanda ake kira Gwame ba shi da abin da zai yi da sunan, amma yana iya samun ƙane ɗan shekara uku a gida da ake dafa wa irin kunun da aka dafa masa.

Akwai ƙananan alamu da za mu bi ta kansu da sauri. Tsagewar gefen baki da ba ta jin man shafawa, sau da yawa rashin bitamin B2 ne ko ƙarfe, ƙwai da nono da ganye suke gyara ta. Dasashi mai jini yawanci rashin goge baki ne, amma wanda ya yi zango guda ba lemo ba ɗanyen ganye, ya tuna da matuƙan jiragen ruwan Turawa da haƙoransu suka dinga zuba don rashin bitamin C. Inda masara ce abinci safe da dare, fatar da rana take duka, wato wuya da bayan hannu, takan yi baƙi ta yi kaushi, ga zawo. Gyaɗa da ƙuliƙuli suna tsare wannan. Haƙora masu tabon ƙasa-ƙasa na wasu 'yan'uwanmu daga wajen Langtang da Kaltungo ba ƙazanta ba ce, ba goro ba ne. Ruwan rijiyoyin wasu wurare can ne yake da yawan fuloraid, ya rina haƙori tun yana cikin dasashi, ba burushin da zai fitar. Farin ɗigo a farce kuwa, wanda abokanmu Yarabawa suke cewa kyautar balbela ce, wasu kuma su ce rashin kalsiyam, ba ko ɗaya: ɗan bugu ne farcen ya samu a gindinsa, zai fita da girma.

Dundumi ya fi waɗannan nauyi. Wanda yake gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙe rigar abokinsa a hanyar zuwa karatun dare, a duba shi. Alamar farko ce ta rashin bitamin A. In ya ci gaba farin ido ya bushe, wani tabo ya fito kamar kumfar sabulu, kuma a jikin ƙaramin yaro, musamman bayan ƙyanda, yana iya kaiwa ga makanta cikin 'yan kwanaki. Manja, da mangwaro, da gwanda, da karas, da kabewa, da hanta, duk maganinsa ne. Tun 2002 doka ta sa a zuba bitamin A cikin man girki da sukari da fulawa da ake sarrafawa a masana'anta, shi ne hoton ido da kuke gani a jikin leda. Man da aka auno a kwalba daga durom ba wanda zai ba ku tabbacinsa. Kusan haka labarin maƙoƙo yake. Kakanninmu na ƙasashen duwatsu, inda ruwan sama ya wanke aidin daga ƙasa, sun san shi ƙwarai, kuma rogon da ba a jiƙa sosai ba yana ƙara shi. Tun da aka wajabta sa aidin a gishiri a 1993 ya ragu, har da yawanmu ba mu taɓa ganinsa a wuyan sa'armu ba. Sai dai aidin yana gudu daga gishirin da aka bari a buɗe cikin rana ko laima, kuma rashinsa ga mai ciki ƙwaƙwalwar jariri yake taɓawa tun ba a ga komai a wuyan uwa ba.

In mun je hutu, akwai alama ɗaya da muke so kowa ya iya dubawa, domin ita ta fi gaggawa. Yaron da aka yaye don uwa ta samu ciki, ya yi kumatu, ƙafafu suka cika, sai a ce ya yi ƙiba. A dubi gashinsa: ya yi ja, ya yi laushi, yana tsigewa? Ya daina wasa, ya ƙi abinci? A danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu a ƙirga uku a ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, ruwa ne ba ƙiba ba, tamowa ce mai tsanani. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Dokta Cicely Williams, ita ta bayyana wannan ciwo a 1933 tana aiki a Akra, lokacin ana kiran Ghana Gwalkwas. Sunan da ta sa masa a 1935, kwashiyoko, ba ita ta ƙago ba, a bakin mutanen Ga ta ji shi, ma'anarsa ciwon da yaro yake samu in an yi masa ƙane. Wato mutanen gari sun riga likitoci ganin abin har sun ba shi suna, sai da aka samu mai sauraro. Ga wanda ya rame ba kumburi, ana auna damtsen hannu da wani tef mai launi uku: daga wata shida zuwa shekara biyar, in bai kai santimita 11.5 ba, ya shiga ja. Irin waɗannan yara yanzu ana ba su wani abincin gyaɗa da madara a 'yar leda, wanda aka nuna ƙarfinsa a yunwar Nijar ta 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, yawancinsu a yankin Maraɗi, kuma galibi a gidajen iyayensu. Amma mai kumburi da ya ƙi cin abinci, asibiti za a kai shi a ranar.

Muna da tsoro ɗaya game da wannan rubutu, kada ya zama sabon makamin gulma. Mun san yadda ake yi: mutum ya rame, kafin mako ya zagayo an gama yanke masa ƙanjamau a bakin famfo. Rama tana da iyaye da yawa, akwai tarin fuka, akwai sukari, akwai tsutsa, akwai damuwa, akwai yunwa tsagwaronta, mai shan maganin ƙanjamau kuwa yana iya fin kowa kyan jiki. Haka farin tabo a fata: sau da yawa ƙyasfi ne ko makero. Wanda ake tsoro, na kuturta, shi ne tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya jin taɓawa in mutum ya rufe ido aka shafa masa auduga, kuma ko shi maganin wata shida ne ko goma sha biyu, kyauta, in an zo da wuri ba yatsan da zai guntule. Alama ba hukunci ba ce, aikinta ta kai mutum wurin gwaji. Wanda ya ga wani abu a jikin abokinsa ya ja shi gefe su biyu, ko ya faɗa wa Mama nas ko uwar ɗakin kwana, daga nan bakinsa alaikum.

Malamanmu da iyayenmu, ku yi mana haƙuri mu faɗi ɗaya da ta shafe ku, domin akwai inda jiki yake yin shiru. Hawan jini ba shi da alamar da abokin zama zai gani. Mutum yana iya shekara goma da shi yana noma, yana koyarwa, ba ciwon kai ba jiri. Ranar da fuska ta fara kumbura da safe, ko fitsari ya dinga kumfa, ko ƙafa ta cika da yamma, ko numfashi ya gagara in an kwanta, to ya riga ya taɓa ƙoda ko zuciya. Wani kuma labarinsa na farko shi ne shanyewar ɓarin jiki. Wannan sai na'ura, kuma akwai ta a ɗakin shan magani, a kan teburin Mama nas. Ana zama a huta minti biyar tukuna, ba a sha shayi mai ƙarfi ko goro ba, a jingina baya, a ɗora hannu a kan tebur. In ya kai 140 bisa 90 ba a yanke magana a ranar, sai an dawo wata rana an sake aunawa.